Gangaren keken guragu ba kwaskwarima ba ne

Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman da aka sa wa hannu a Najeriya a Janairun 2019 ta ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara. Da yawa sun zuba siminti a gefen matakala, suka ce an gama. Ba a gama ba.

Ma'aunin gangare shi ne 1 bisa 12: duk santimita 1 na tsayi, sai a miƙa santimita 12 a ƙasa. Matakala uku masu santimita 15 kowacce na buƙatar gangare mai mita 5.4. Magina kan gajarta shi don tsimin fili, sai ya yi tsaye, keke ya kife da mai shi ta baya. A sa ƙarfen riƙo hagu da dama, a bar fili shimfiɗaɗɗe na mita 1.5 a sama, inda keke zai juya. Tayil mai sheƙi kuwa, da damina santsi ne kawai. Siminti mai kaushi ya fi.

Gangare kaɗai bai isa ba. A gidan tarihi, misali, shiga ba ita ce gani ba. Akwatin gilashi mai tsayi yakan ɓoye wa mazaunin keke abin da ke ciki, fitilar sama kuma ta haske gilashin. A sauko da bayanan kayan da aka baje, a rubuta su da manyan baƙaƙe, a ƙara rubutun makafi. A kuma ajiye kwafin tukunya ko takobi da makaho zai shafa da hannu.