Ni zan sa

Yau na shiga shagon takalman mata, na ɗauki wani baƙi mai tsini, mai shagon ta tambaye ni lambar ƙafar wadda zan saya wa. Shekara da shekaru amsata a shirye take: na ƙanwata ne. Yau dai bakina ya ƙi ƙaryar. Na ce, "Ni zan sa." Ta ɗan yi shiru, gabana sai dukan uku-uku yake. Can ta dubi ƙafata ta ce, "Malam, ƙafarka da faɗi, wannan zai matse maka yatsu. Bari in duba ko akwai 44." Ta kawo wani mai kaurin dunduniya, ta ce da shi zan fara, in riƙa sauke dunduniya kafin yatsu, ban da dogon taku.

Da na miƙe, nauyina duk ya koma gaban ƙafa, sharaɓata ta ɗaure, sai da na dafa kujera. Na san mahaya dawakin Farisa sun sa irinsa don ƙafa ta zauna cikin likkafa, Sarki Louis na 14 na Faransa ma ya yi suna da jar dunduniya, amma sanin hakan bai taɓa rage min tsoro ba. Matar nan ce ta rage shi, da ba ta damu da komai ba sai yatsuna. Doguwar rigar da na saya tun bara tana nan cikin leda, ina jin gobe zan fito da ita.