Mako na shida da modul ɗin F2FS: haruffa biyu suka hana kwamfutata tashi

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu koyon Nix. Mako biyu ban kawo rahoto ba, kuma dalilin shirun shi ne labarin yau.

Ga waɗanda ba da su aka faro ba: na ɗora wa kaina aikin gane yadda NixOS (nau'in Linux da ake tsarawa da yaren Nix) ke kula da tsarin fayil, wato yadda take sanin kayan da za ta tanada idan ka ce mata faifanka ext4 ne, ko Btrfs, ko ZFS. Duk abin yana cikin nixpkgs, rumbun da aka tara lambobin NixOS, a foldar `nixos/modules/tasks/filesystems`, kowane tsari da ɗan fayil ɗinsa, wanda ake kira modul. Na zaɓi `f2fs.nix` don gajere ne, ko allo ɗaya bai cika ba, kuma tsohuwar ThinkPad ɗin da nake gwaji da ita a kan F2FS take zaune. Kamfanin Samsung ne ya ƙera F2FS saboda ma'ajiya irin ta filashi, ya kuma shiga kanel, wato zuciyar Linux, a sigar 3.8, shekarar 2013.

Da na fara karanta fayil ɗin, raina shi na yi. Yana sa `f2fs-tools` cikin `system.fsPackages` domin a samu `mkfs.f2fs` da `fsck.f2fs`. Idan kuma ana buƙatar tsarin tun lokacin tashi, sai ya jefa direbansa, wato manhajar da kanel ke karanta shi da ita, cikin initrd, ya haɗa da abin duba lafiyar faifai. Shi ke nan. Na ce ai wannan ko da ido ɗaya a rufe zan kula da shi.

Bari in ɗan tsaya a kan initrd, don a nan gizo ke saƙar. Idan kanel ya tashi, yana son ya buɗe faifan da tsarin aiki yake ciki. To amma direban da ya iya karanta F2FS shi ma yana kan wannan faifan. Makulli ke nan a cikin ɗakin da aka kulle. Shi ya sa ake haɗa wa kanel ɗan guzuri, ƙaramin tsari da ake lodawa cikin ƙwaƙwalwa tare da shi, ɗauke da direbobin da za su kai shi bakin ƙofa. Wannan guzurin shi ne initrd, kuma modul ɗinmu ne ke cewa a sa F2FS a ciki ko kar a sa.

Ran Asabar waccan na zauna ina wa fayil ɗin kwaskwarima a kwafin nixpkgs da ke kwamfutata. Na sake rubuta layin da ke tambaya ko ana son F2FS a initrd, hannuna ya kuɓuce, na rubuta `config.boot.initrd.supportedFilesystems.f2sf or false`. Ku dubi sunan da kyau. Na gina da `nixos-rebuild boot`, ba ƙorafi ko ɗaya. Na sake kunna na'ura, na tashi zan sha ruwa. Ina dawowa na tarar da baƙin allo, matakin farko na tashi yana cewa ya kasa ɗaura faifan tushe, wato buɗe faifan da tsarin aiki yake ciki, in danna r in sake kunnawa. Gabana ya faɗi, don ranar ne aka ɗauke wuta sau biyu ina tsakiyar aiki, batirin kuma ya daɗe da mutuwa. Na tsaya a kan cewa faifan ne ya lalace.

Nan NixOS ta fitar da ni kunya. Duk ginin da ka yi tana ajiye shi a matsayin zubi na daban, da kanel ɗinsa da initrd ɗinsa. Na koma jerin zaɓin tashi, na ɗauki zubin jiya, kwamfuta ta tashi garau. Ashe faifai lafiyarsa ƙalau, ɓarnar daga hannuna take. Sai dai gano ta ya ci mini dare biyu, saboda na bi fayil ɗin da `nixfmt`, mai daidaita fasalin rubutu, kafin in yi gyaran, `git diff` ya cika da sauye-sauyen da ba su da ma'ana, idona kuma yana bi ta kan `f2sf` yana karanta shi daidai. Abin da ya tona asiri shi ne `nix repl`, inda ake yi wa Nix tambaya kai tsaye. Na loda saitina, na tambayi abin da ke cikin `boot.initrd.availableKernelModules`, sai ga ahci, ga sd_mod, ga usbhid, babu f2fs.

Me ya sa Nix bai yi ihu ba, shi da ke tsayar da gini a kan ƙaramin kuskure? Saboda `or false`. Tun sigar 24.05 aka sauya `boot.supportedFilesystems` daga jerin sunaye zuwa tarin sunaye masu ɗauke da i ko a'a, kamar `boot.supportedFilesystems.zfs = true`, kodayake har yanzu ana karɓar tsohon salon. Sunan da ba wanda ya nema ba ya cikin tarin kwata-kwata, don haka dole modul ya ce: in ba ka same shi ba, ɗauka a'a ne. Wannan sassaucin ne ya haɗiye kuskurena. A wurin Nix, `f2sf` wani tsari ne kawai da ba a nema ba. Ni dai ban ga laifin tsarin ba, amma daga yau duk inda na ga `or false` sai na karanta sunan da ke gabansa harafi bayan harafi.

Wani abin da na ci karo da shi a hanya: initrd iri biyu ne a NixOS. Akwai tsohon, wanda rubutun bash ke tuƙawa, akwai kuma na systemd (manhajar da ke tayar da ayyukan Linux) da ake kunnawa da `boot.initrd.systemd.enable`. Kowanne da hanyar da ake sa masa kaya, kuma mai kula da modul sai ya shayar da duka biyun. A nan kam Nix ba ya yin shiru: ka ba na systemd umarnin tsohon, zai ƙi ginawa ya faɗa maka dalili.

Sauran makon a kan gwaji ya ƙare. NixOS na da hanyar tayar da kwamfutar kwaikwayo cikin QEMU, ka ba ta umarni da Python, misalansu na nan birjik a `nixos/tests`. Gwajina na farko ya ba na'urar faifai na biyu ta `virtualisation.emptyDiskImages`, ya tsara shi da F2FS, ya ɗaura, ya rubuta fayil, ya karanta. Ya wuce, na ji daɗi. Sai wata zuciyar ta ce in mayar da kuskuren da gangan in gani. Na mayar, gwaji ya sake wucewa, ko gezau. Dalili a fili yake: bayan na'ura ta gama tashi ake ɗaura faifan, lokacin kuwa kanel na iya ɗauko direba daga faifan tushe, initrd bai shigo maganar ba sam. Na kwaikwayi yadda gwaje-gwajen systemd-initrd suke yi: na'ura ta tashi, ta tsara faifai na biyu, sannan ta sake tashi da wani saiti da ya mai da shi tushe. Wannan karon da na sa `f2sf` gwajin ya maƙale har lokacinsa ya ƙare. Ban taɓa murnar faɗuwar gwaji irin ta ranar ba. Ku tabbata KVM, abin da ke ba kwamfutar kwaikwayo sauri, na aiki a na'urarku kafin ku fara, in ba haka ba za ku yi sallar isha'i ku dawo bai gama ba.

Da nake jiran gwaje-gwajen nan na leƙa maƙwabtan fayil ɗina, na gane sa'a na taka. F2FS yana cikin kanel, ba ya motsi sosai. ZFS kuwa ba zai shiga kanel ba, don lasisinsa na CDDL bai jitu da GPL, lasisin kanel, ba, saboda haka daban ake gina direbansa, kuma sabon kanel kan fito kafin OpenZFS, masu haɓaka ZFS, su riske shi. Modul ɗinsa dogo ne ƙwarai, har sai ka ba na'ura `networking.hostId` kafin ya yarda ya ginu. ReiserFS an cire shi ɗungurungum a Linux 6.13, farkon 2025. Labarin bcachefs, wani tsarin fayil na baya-bayan nan, ya fi ba ni tausayi. Ya shiga kanel a 6.7, Janairun 2024. Aka yi ta sa-in-sa tsakanin Kent Overstreet, mai shi, da Linus Torvalds, jagoran aikin kanel, kan irin gyare-gyaren da ya dace a turo bayan an rufe ƙofar karɓar sababbin abubuwa. A 6.17 aka ce kula da shi ta koma waje, a 6.18 aka fitar da lambobinsa gaba ɗaya. Masu kula da `bcachefs.nix` ba su yi laifin komai ba, amma dole suka koma gina direban a gefe kamar na ZFS, ga kuma mutanen da faifan tushensu ke kai suna jira, sigar NixOS na fitowa duk Mayu da Nuwamba ba ta jiran kowa. Ba na shiga rigimar wane ne mai gaskiya. Abin da na ɗauka shi ne, wanda ya sa sunansa a `meta.maintainers`, jerin masu kula da modul, ya yi alkawarin bin labarin kanel da na kayan aikin tsarin, ba karanta layi ashirin kaɗai ba, kuma gara ya kasance yana tayar da tasa na'urar a kan tsarin kullum.

Shi ya sa ban sa sunana ba tukuna. Kwaskwarimar da ta jawo mini wahala ma na jefar da ita, ba ta ƙara komai ba. Gwajin ne nake ganin ya cancanci a tura wa nixpkgs. Saura in sa ya bi initrd duka biyun, don yanzu na systemd kaɗai yake taɓawa, in kuma duba yadda ake rajistar sa a `all-tests.nix`. Mai na'urar ARM a cikinku, musamman Raspberry Pi da ke tashi daga katin SD, ya yi mini magana, ina son ganin ko zai wuce a can kafin in tura. Ni kuma ranar Juma'a zan sayi datar dare in sabunta kwafin nixpkgs ɗina, don na bar shi a baya da kusan wata guda.