Jiri da takardar gwajin da ta hana ni barci

Jirin da ke damuna ya bambanta da duhun idon da mutum kan gani idan ya miƙe tsaye da sauri. Ɗaki ne yake juyawa da ni alhali ina kwance, musamman idan na juya zuwa dama ko na ɗaga kai sama, kuma ko da yake ba ya kai minti ɗaya, tashin zuciyar da yake bari yakan wuni tare da ni. Duk da haka, abin da ya fi tayar min da hankali shi ne sakamakon gwajin jini da na hoton ƙwaƙwalwa na MRI, waɗanda suka iso hannuna tun kafin ranar ganin likita. An sa wa lamba guda alama cewa ta ɗan haura ƙa'ida, sannan rahoton hoton ya ambaci wasu ƙananan fararen ɗigo, ba tare da wani bayani ba.

Sai daga baya na fahimci yadda ake tsara iyakokin da ke gefen kowace lamba. Galibi ana auna mutane masu lafiya ne, a ɗauki tazarar da 95 cikin 100 suka faɗa ciki, wato mutum ɗaya cikin 20 zai fita daga iyaka ba tare da yana da wata cuta ba. Idan kuwa aka yi wa lafiyayye gwaje-gwaje 20 da ba su da alaƙa da juna, yiwuwar aƙalla ɗaya ya fita ta kai kusan 64 cikin 100. Fararen ɗigon ma ana yawan ganinsu a hoton masu shekaru, da masu hawan jini, da masu ciwon ɓarin kai. Wannan bai sa a yi watsi da su ba, amma a ganina bai dace a miƙa wa majiyyaci irin wannan takarda ba tare da ko jimla ɗaya ta bayani ba.

Abin da ya gano asalin matsalar bai buƙaci wata na'ura ba. Likitan kunne ya juya kaina gefe, ya kwantar da ni da sauri ta yadda kaina ya ɗan rataya, ya zuba wa idanuna ido yana kallon yadda suke rawa. Likitoci biyu, Margaret Dix da Charles Hallpike, ne suka bayyana wannan gwaji a Landan a 1952. Gwajin ya nuna matsalata daga kunne take: a can cikin kunne akwai ƙananan tsakuwoyi na sinadarin kalsiyam da ke taimaka wa jiki daidaituwa, kuma idan suka goce suka faɗa ɗaya daga cikin lanƙwasassun bututu uku masu ruwa, duk motsin kai sai su girgiza ruwan, ƙwaƙwalwa ta samu saƙon cewa ana juyawa. Ana mayar da su mazauninsu ta hanyar jujjuya kai bi da bi, dabarar da likita John Epley na Amurka ya wallafa a 1992. Lambar jinin ba ta da hannu a jirin, sai dai an ce a maimaita gwajin jinin nan gaba.

Jirin yakan dawo wa wasu, saboda haka ina zama a bakin gado kafin na miƙe, ba na kuma hawa tsani. An gargaɗe ni kada na daɗe ina shan maganin kwantar da jiri, domin yana jinkirta sabawar ƙwaƙwalwa, kuma daina motsa kai saboda tsoro shi ma ba ya taimakawa. Amma idan jiri ya zo da gani biyu-biyu, ko sarƙewar harshe, ko mutuwar hannu ko ƙafa, ko kasa tafiya, ko matsanancin ciwon kai na farat ɗaya, to asibiti za a nufa nan take, domin waɗannan na iya zama alamomin shanyewar ɓarin jiki.