Jakar Wata a Hannuna

Na bar Kano da jaka ɗaya da littafi ɗaya. Jakar gana-mas-go ce mai ja da shuɗi, na danna mata huluna 120, zanna bukar da damanga da 'yan tangaran, sai kayan sawata kala biyu a sama. Littafin kuwa na tsarin tafiya ne. Na ja layi na rubuta komai: ranar isa, ranar miƙa kaya, ranar karɓar kuɗi, ranar kewaya fadar Manhiya ta sarkin Asante a Kumasi, ranar juyowa. Maiɗakina kan ce ko atishawa zan yi sai na duba littafi. Saura kwana goma sha biyu Babbar Sallah, kasuwa ta yi sanyi a wurinmu, ɗan abin da ya rage na jari shi na zuba a hulunan, saboda wani abokin ciniki a Kumasi da muka saba ta WhatsApp ya ce in na kawo kafin Sallah zai kwashe duka.

Hanyar ba ta da wani labari sai gajiya. Legas, Seme, Kwatano, Lome, Aflawo. Iyaka uku, kowace a sauka, a nuna fasfo da katin rigakafin shawara, a koma. Naira ta zama sefa, sefa ta zama sidi, kowane canji kuɗin na ƙara ramewa. Da muka shiga Togo na mayar da agogona baya da awa ɗaya, har na rubuta hakan a littafi.

Mun shiga Accra da dare, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Muna tsayawa a tasha aka ɗauke wuta. Yaran mota suka dinga jido kaya suna zubewa a ƙasa, kowa na haska waya yana ihu. Na hango ja da shuɗi, na ɗaga na ji nauyin ya yi daidai, na saɓa a kafaɗa na nufi inda motocin Kumasi suke, kusa da gadar Kwame Nkrumah, wurin da kowa ke kira Sakul. Har ina yabon kaina da zafin nama.

Tsakanin Accra da Kumasi kilomita kusan 250 ne. Na yi barci daga Nsawam, ban farka ba sai da muka wuce Konongo. Gari na wayewa muka sauka. Na kira mutumina, waya a kashe. Na sake, a kashe. Sai daga baya na ji rasuwa aka yi masa, mahaifinsa, ya tafi Bawku cikin dare. Na tambayi wani mai tasi inda Hausawa suke, ya dube ni kamar na tambaye shi ina sama take, ya ce Zango.

A harabar wani masallaci a Aboabo na zuge jakar don in canza riga. Ƙamshin yaji ne ya fara dukan hancina. Na ɗaga zanin da ke sama. Kanwa ce ƙulli guda, yajin jego a robobi, kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa, dambun nama a wata samira, sai 'yan rigunan jarirai da safa ƙanana kamar na 'yartsana. Na zazzage har ƙasa, kamar hulunan za su fito daga ƙarƙashin daddawa. Na zauna a kan dandamali. Ban yi kuka ba, amma ƙafafuna sun daina jin magana. Abin da ya fi ba ni haushi a lokacin, kuma yanzu yake ba ni dariya, shi ne na ciro littafin na buɗe, ina neman shafin da zai gaya mini abin yi.

Wata dattijuwa mai sayar da shinkafa da wake a bakin masallacin ta jima tana kallona. Abincin nan da duk Gana ke kira waace, sunan daga waken Hausa ya fito, ana dafa shi da karan dafi har ya yi ja. Ta yafito ni.

"Ɗana, zo ka ci tukuna."

"Mma, kayana ne suka ɓace."

"Na gani. Cin abinci zai hana su dawowa?"

Ta zuba mini a ganye, da taliya da gari da ƙwai da baƙin yajinsu, shito. Da na tambayi kuɗi ta ce dubu ɗari biyu. Gabana ya faɗi, na ce yau na haɗu da ta biyu. Ta ƙyalƙyale da dariya, ta ce sidi ashirin take nufi. Tun 2007 aka cire sifili huɗu daga kuɗin ƙasar, amma tsofaffi da yawa har yau da tsohon lissafi suke ciniki. Ƙarshe ma ba ta karɓa ba. Ta leƙa cikin jakar, ta ɗaga wata 'yar riga, fuskarta ta canza.

"Kai kana kukan hula. Wannan mata ya taso tun daga Najeriya zai yi wa ɗiyansa wankan jego, ya iso hannu wofi."

Sai da na ɗan yi jim kafin na gane. Hausar Zango ba ta cika raba mace da namiji ba, kowa "ya" ne. Amma ba nahawun ne ya tsayar da ni ba. Tun da na buɗe jakar ban tuna ko sau ɗaya cewa tana da mai ita ba.

Mma ce ta sa jikanta ya kai ni wurin wani tsoho mai goro, can cikin lungu, a wani zaure mai sanyi da duhu, huhuna jere har rufi. Ya saurare ni yana taunar goro, bai katse ni ba.

"Yaro, daga ina?"

"Daga Kano, Baba."

"Ta Dabo. To ga tabarma, ga buta. Baƙon Zango ba ya kwana a tasha."

Ya sa aka ɗauki hoton jakar, ya yi magana a waya da muryarsa, ya ce a tura wa direbobin Ankara da limaman Nima da Mamobi da Sabon Zango. Na ce Baba, ai a Accra aka yi musayar. Ya ce to, ita ce Ankara, haka iyayensu ke kiranta. Daga nan ya ce sai jira.

Jira shi ne abin da ban iya ba. Kwana biyu ina zarya tsakanin Zango da tasha. Na bi ta Kejetiya, kasuwar da idan ka tsaya a saman bene ka duba sai ka rasa inda ta ƙare, 'yan mata 'yan dako daga arewacin ƙasar suna ratsa cunkoso da manyan kwanoni a ka. Ma'aikatan motar da ta kawo mu kullum amsarsu ɗaya, a dawo gobe. Rana ta uku Baba ya ce, "Ka gama auna titin Kumasi? Zauna ka taya ni tsinta."

A nan tafiyar ta canza, ko da yake ban sani ba a lokacin. Goron ajiya ne, na kakar da ta wuce, wanda ke kan hanyar zama daushe. Ana kwance huhu, a zube shi a tabarma, a bi shi ɗaya bayan ɗaya. Marsa gefe guda, manyan nan da ake kai wa ɗaurin aure, minu gefe guda, fari daban, ja daban. Babban abin nema shi ne sankara. Ƙwaya ɗaya mai sankara in ta kwana a huhu, kafin a sake buɗewa ta lalata maƙwabtanta. Goro ba ya son rana, ba ya son iska, ba ya son ruwa ya yi masa yawa, kuma ba ya son a manta da shi. A canza masa ganyen fita, a ɗan yayyafa ruwa, a ɗaure, bayan 'yan kwanaki a sake kwancewa. Ni da nake ganin goro a faranti tun ina yaro, ban taɓa sanin ana renonsa kamar jariri ba.

Ranar farko na tara tuli guda na waɗanda na ce sun lalace. Baba ya jawo tulin gabansa, ya dinga ɗauka yana mayarwa cikin masu kyau. Ya ɗaga ɗaya mai baƙin zane a gefe, ya ɓare, cikinsa fari tas.

"Wannan tabo ne, wuƙa ce ta taɓa shi ranar da aka fasa kwansonsa. Ya warke. Sankara daga ciki take ci, wani lokaci bayan sumul. Kai Bakano, da ido kake tsinta. Sa hannu."

Da na koyi matsawa da babban yatsa, sai na fara jin bambancin. A kwana na uku ya daina duba tulina.

Hannu na aiki, baki na hira. Daga bakinsa na ji yadda Zango ya kafu. Da can, in ji shi, fatake ba sa isowa Kumasi. Asantawa na kai goro Salaga, ƙasar Gwanja, ayarin Hausawa su taso da madugu da jagaba da jakuna, wata da watanni a hanya, su kawo kanwa da tufafi da fatu su koma da goro. Turawan Ingila suka ƙone Kumasi a 1874, ƙarfin Asante a kan hanyar ya karye. A 1892 yaƙin basasa ya tarwatsa Salaga kanta, mutanenta suka watsu, wasu Karaci, wasu Kintamfo, wasu Ankara, wasu nan. "Duk wanda ka gani a unguwar nan," in ji Baba, "kakansa wata tafiya ce ta lalace masa."

Sai na kawo masa zancen nawa kakan. A gidanmu Ɗan Gwanja ake ce masa. Ya yi shekaru a Kumasi yana fataucin goro, ya dawo Kano a ƙarshen 1969 da buta da rediyo, bai ƙara zancen Gana ba har ya rasu. Baba ya ajiye goron da ke hannunsa. Ya ce a watan Nuwamba na shekarar gwamnatin Busiya ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya fita. Yana saurayi lokacin. Ya ga mutane na sayar da gida a kuɗin akuya, ya ga manyan motoci cike da mata da yara. Mahaifinsa ya tafi, shi ya zauna da dangin uwa, ba su sake haɗuwa ba. Shekara goma sha huɗu bayan nan, a 1983, gwamnatin Shagari ta rama, 'yan Gana wajen miliyan ɗaya suka kwaso kaya a irin jakar da ke jingine a bangon zaurensa. Ya nuna ta da haɓa. Sunan da nake kiranta da shi tun ina yaro ba tare da tunani ba, ranar ya yi mini nauyi a baki.

Na faɗa masa sunan kakana da unguwarsu, zuciyata na bugawa. Ya yi shiru yana lalube a ƙwaƙwalwarsa. Ya ce, "Da zan faranta maka da ƙarya, da na ce na san shi. Ban san shi ba." Na ji zafi, amma daga ranar na yarda da duk sauran abin da ya gaya mini.

Ana saura kwana biyu Sallah waya ta shigo daga Nima. Wata Hajiya ce 'yar Zariya, jakata na ɗakin 'yarta, an yi suna tun shekaranjiya. Baba ya miƙo mini wayar.

"Hajiya, ki yafe ni, ni na ɗauki kayanki. Kuma akwai wata magana. Dambun naman nan, na taɓa shi."

"Taɓawa ko cinyewa?"

"Ya kusa rabi, Hajiya."

Ta yi dariya har da tari. Ta ce to mun yi kunnen doki, don ranar suna surukinta ba shi da hular kirki, ta zaro masa ɗaya mai ruwan toka. Na ce ta bar masa, goron suna ne daga kawun jariri na Kano. A daren na kai jakarta mota, Mma ta ƙara mata ƙullin gero daga wurinta, na rubuta lambar waya da manyan baƙaƙe a kowane gefe.

Tawa ta iso ranar jajibere da la'asar. Huluna 119, lokacin ciniki ya kusa ƙarewa, mai sayen yana can Bawku yana karɓar gaisuwa. Jikan Mma ya aro mini faranti, muka tsaya a bakin titi a Alabar har ƙarfe ɗaya na dare, shi yana kiran masu saye da Hausa da Turanci da Asantanci, ni ina gwada wa mutane a ka. Mun sayar da 43, mafi yawa ƙasa da yadda na lissafa. Ban fitar da kuɗin mota ba ma, balle riba. Da safe a filin idi na ƙirga hulunana a kan mutane har bakwai kafin liman ya tayar da salla.

Sauran na bar wa Baba amana, in mutumin Bawku ya dawo su daidaita. Shi kuma ya ɗaure mini ƙaramin huhu, wanda na tsince da hannuna, ya ce in kai kasuwar goro ta Mariri a Kano in ji abin da 'yan goro za su ce, kuɗinsa sai na sake zuwa. Na ce Baba, ba mu rubuta ba. Ya ce in ina son rubutu in rubuta, shi ya riga ya ga tsintata.

Fadar Manhiya da na ware wa yini guda, katangarta kawai na gani ta tagar tasi a hanyar tasha. Yaron mota ya miƙo hannu zai jefa huhun a bayan mota, na ce a'a, a ƙafata zai zauna. Da muka tsaya a Nkoko, ƙarƙashin duwatsun Kwahu, fasinjoji suka sauka neman burodi. Ni na kwance bakin huhun, na sa yatsa na ji ganyen ya fara bushewa. Na sayi ruwan leda, na yagi shafin ranar juyowa daga littafin, na jiƙa shi, na bi ganyen da shi a hankali.