Ashe ɗan majalisa ma yana da katin sakamako

Zaɓen 2024 ne na farko da na jefa ƙuri'a a Amurka. Ana saura kwana uku, maƙwabciyata a Bironks da ke birnin New York, wata dattijuwa, ta zaunar da ni a kicin ɗinta, ta ajiye shayi, ta buɗe waya. Sai ga sunayen 'yan majalisa, kowa da makinsa daga 0 zuwa 100, kamar 'yan firamare. Ƙungiyar Human Rights Campaign, mai kare haƙƙin masu neman jinsi ɗaya, ita ke ba da makin, gwargwadon yadda mutum ya kaɗa ƙuri'a a zauren majalisa. Ita ce kuma ta mara wa Kamala Harris baya.

Na ce, "Mama, ai ni ba da wannan ma'aunin zan auna ba." Ta yi dariya, ta ce masu adawa ma takardar nan suke dubawa, sai dai su mai sifili suke nema. Ta nuna min dokar auren jinsi ta 2022: sanatoci 61 suka amince, 12 daga ciki 'yan Rifablikan. Sunan kowa na nan a rubuce, ba mai cewa ba ya nan ranar.

Shayin har ya huce ina ta lalubo sunan ɗan majalisar unguwarmu.