Yadda na koyi ba da labarin ƙanƙara daga Jidda

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina zaune a Jidda, kuma a mafi yawansu abin da nake aika wa gidan rediyon da nake yi wa rahoto a Kano bai wuce abu biyu ba: aikin hajji da ƙwallon ƙafa. Lokacin da Ahmed Musa yake Al-Nassr, daga 2018 zuwa 2020, ba na rasa abin faɗa. Da ya tafi, Ighalo ya zo ya rufa mini asiri. Wasannin hunturu kuwa ko a mafarki ban taɓa sa su a lissafi ba. Mutumin da ke garin da ake kunna na'urar sanyaya ɗaki har a watan Janairu, ina ruwansa da masu sulu a kan dutse?

Daren Asabar, 12 ga Fabrairun 2022, editana ya bugo. Ya ce, "Malam, an ce wani ɗan Saudiyya zai yi wasa gobe a Olamfik ɗin Beijin, kuma shi ne na farko a tarihin ƙasar. Ka haɗa mana minti biyu."

Na ce, "Ranka ya daɗe, wane wasa?"

Ya ce, "Na ƙanƙara mana. Ai kai ne a can."

Kamar Jidda ce ƙanƙarar take zuba. Na amsa dai, don ɗan rahoton da ake biya da guda-guda ba ya cewa ban iya ba.

Sunan yaron Fayik Abdi. Agogon Beijin yana gaban na Saudiyya da awa biyar, saboda haka da asubahi na zauna gaban kwamfuta da kofin shayi. Abin da na gani shi ne fari fat. A ranar dusar ƙanƙara ta sauka sosai a tsaunin Yanqing, har da ƙyar ake hango mutum, sai wata inuwa tana karkata dama tana karkata hagu tsakanin tutoci ja da shuɗi. An yi zagaye biyu. Marco Odermatt na Suwizalan ya ci zinariya, namu ya zo na 44. Na rubuta, na naɗa, na tura. A ciki na ce ɗan wasan Saudiyya "ya sha kashi a tseren gudu a kan ƙanƙara", na ƙara da ɗan habaici cewa mai koyon iyo ba ya farawa da teku.

Da yamma aka buɗe layi ga masu sauraro. Wani dattijo ya bugo ya ce yana da tambaya ga wakilinmu na Saudiyya: ƙanƙarar da ake gudu a kanta, ta firji ce ko wadda take faɗowa da damina tana fasa kwanon rufi? Kuma da wane irin takalmi? Mai gabatarwa ya yi dariya, ni ma da aka turo mini na yi, amma dariyar yaƙe ce. Ban san amsar ta biyu ba, ta farkon kuma ban san yadda zan faɗe ta da Hausa ba.

Wannan tambayar ce ta kai ni neman masu sana'ar. Na san AIPS, ƙungiyar marubuta wasanni ta duniya da aka kafa a Faris a 1924, shekarar da aka yi Olamfik ɗin hunturu na farko a Chamonix ta Faransa. Abin da ban sani ba shi ne akwai ƙungiyoyi na waɗanda ba sa rubuta komai sai wasannin ƙanƙara, wasu a Turai, wasu a Arewacin Amurka. Na nemi shiga ɗaya daga cikin na Turai. Suka ce in aiko da wasiƙar edita da samfurin aikina a fannin. Samfurin da nake da shi guda ɗaya ne, wancan na habaici, kuma murya ce da Hausa. Suka ce in rubuta shi in fassara. Na zauna ina fassara abin kunyata da hannuna, kalma bayan kalma. An ɗauki watanni ana kai da komo kafin su karɓe ni, kuma na fi zaton mamaki ne ya sa suka karɓa, ba ƙwarewa ba.

Gaskiya rabin abin da ake ba mamba ba shi da amfani a wurina. Katin yana ba da rangwame a wuraren sulu na tsaunukan Alps da shagunan rigunan sanyi. Taron shekara kuma a can ake yi, mai fasfo irin nawa sai ya fara neman biza tun ana saura wata huɗu, ga kuɗin jirgi. Ban taɓa zuwa ba. Abu uku ne suka biya mini kuɗin rajistata: jaridar mako da suke aiko wa mambobi, darussan da aka naɗa kan yadda ake karanta takardar sakamako, da kundin sunayen mambobi da lambobinsu.

Daga kundin na samu wata dattijuwa 'yar Ostiriya da ta shekara fiye da talatin tana bin tseren tsaunuka. Na aika mata fassarar rahotona. Ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni da ya fi sauƙi. Ta ce in buɗe takardar sakamakon ranar in gangara ƙasa, in wuce na 44. Na gangara. Bayan sunaye kaɗan lambobi suka ƙare, sai jerin sunaye masu tsawo, gaban kowanne an sa haruffa uku, DNF, wato bai ƙarasa ba. Kusan rabin waɗanda suka tashi daga saman tsaunin a ranar ba su kai ƙasa a zagaye biyun ba, cikinsu har da 'yan ƙasashen da ake haihuwar yaro a kan dusar ƙanƙara. Wasu sun faɗi, wasu sun tsallake tutar da ya kamata su zagaya. Wanda na ce ya sha kashi ya sauko sau biyu a tsaye. Ta kuma nuna mini tazarar da ke tsakanin Odermatt da Žan Kranjec na Sulobeniya da ya zo na biyu: kashi 19 cikin 100 na daƙiƙa guda, bayan an haɗa lokacin zagaye biyu. Kafin ka ce "bismillah" an raba zinariya da azurfa.

Ita ce kuma ta gyara mini wani kuskuren da na kusa yi a iska. Hukumar wasan ta duniya, FIS, tana ba kowane ɗan wasa maki, ni kuma da idon ɗan ƙwallo na ɗauka mai maki da yawa shi ne gwani. Akasin haka ne. Makin yana auna nisanka da wanda ya zo na ɗaya, saboda haka zakaru suna kusa da sifili. Ƙasar da ba ta da tarihi a wasan tana samun gurbi a Olamfik ne idan ɗan wasanta ya yi ta shiga gasanni har makinsa ya sauko ƙasa da iyakar da aka gindaya. Ba alfarma aka yi wa Abdi ba.

Sauran aikin, wanda ya fi wuya, babu ƙungiyar da za ta yi maka shi, don babu mai jin Hausa a cikinsu. Kalmar ƙanƙara a wurinmu tana ɗaukar ta firji, da ta damina, da wadda ke rufe tsaunuka. 'Ya'yan Hausawan da aka haifa a nan ma ba su tsira ba, don da Larabcin Hijaz duk "talj" suke cewa. Wanda ya fara cewa "dusar ƙanƙara" Allah ya saka masa, amma ita ma iri-iri ce. Na gane haka ne a Dubai, inda na tsaya kwana biyu a kan hanyar hutu na shiga Ski Dubai, wurin sulun da ke cikin katafaren kanti, wanda aka buɗe a 2005.

Takalmin ya fara ba ni labari. Roba ce mai tauri har tsakiyar ƙwauri, da maɗaurai na ƙarfe da ake dannawa su ce ƙas. Idon sawu ba ya motsi sam, kuma an ƙera shi a karkace yadda dole gwiwa ta tura gaba. Tafiya da shi a ƙasa kamar an sa wa mutum mari. Sai ka taka kan faranti biyu dogaye, dunduniya ta shige, ka zama abu ɗaya da su. Mai koyarwar ya ce in haɗa kawunan farantan in buɗe bayansu, haka ake rage gudu. Na haɗa su fiye da kima, suka hau juna, na tafi da fuska. Da na tashi na duba abin da ya cika mini safar hannu: ba laushi ba ne irin na auduga da nake zato, tsaki-tsaki ne kamar tsakin masara, yana ƙaras-ƙaras. A gefen farantin kuma akwai bakin ƙarfe mai kaifi daga kai har gindi. Da shi ake yankar ƙanƙara a juya. A nan na samu amsar dattijon.

Daga baya na koya cewa filin gasa ya fi wannan tauri nesa ba kusa ba. Da gangan ake ɗura masa ruwa ya daskare, don kada na farko ya samu hanya mai kyau na hamsin ya tarar da rami. Ranar da na fahimci haka kalmar ta zo mini da kanta: daɓe. Tun daga nan nake cewa "an yi wa filin daɓen ƙanƙara", kuma ban sake jin wanda ya tambaya ba. Wasan da Abdi ya yi na kira shi "sulun zagaye tutoci". Na masu tafiya mai nisa a fili da hawa da gangara, irin wanda Samuel Ikpefan ya wakilci Najeriya a ciki a Beijin, "sulun dogon zango". Na su Seun Adigun da Ngozi Onwumere da Akuoma Omeoga, matan da suka kai Najeriya Olamfik ɗin hunturu karo na farko a Pyeongchang ta Koriya ta Kudu a 2018, na ce "amalanken ƙanƙara". Wani abokin aiki ya ce kalmar ta raina wasan. Mai yiwuwa. Amma turawa ake yi da gudu kafin a faɗa ciki, kuma duk wanda ya ji ya ga hoton a ransa.

A Oktoban 2022 Majalisar Olamfik ta Asiya ta ba Saudiyya baƙuncin gasar hunturu ta nahiyar ta 2029, a Trojena, cikin tsaunukan yankin Tabuk inda ake aikin gina sabon birnin NEOM. Wayata ba ta huta ba a makon. A Kano ana ta barkwanci cewa Larabawa za su sa sahara a firji. A jaridar ƙungiyarmu kuma Turawa suna ta suka kan ruwa da wutar lantarkin da aikin zai ci. Na tsinci kaina a tsakiya, kuma a karon farko ina da abin da zan gaya wa kowane ɓangare. Na gaya wa mutanen gida cewa tsaunukan can sun kai mita 2,500 da ɗoriya, kuma ɗaya daga cikinsu, Jabalul Lauz, yakan yi fari a wasu shekarun har mutanen Tabuk su ɗebi iyali a mota su je kallo. Sai dai wadda ke sauka ba ta isa a yi gasa ba, dole a ƙera. Injin yana fesa ruwa ƙanana-ƙanana cikin iska mai sanyi, kuma idan iskar busasshiya ce ya fi saurin daskarewa, dalili ɗaya da ya sa ruwan randa ya fi sanyi da hunturu. Turawan kuma na tuna musu cewa Beijin ma kusan duk dusar da aka yi gasa a kanta ta inji ce, kuma wuraren sulunsu da yawa da injin suke buɗe kakar wasa. Ban ce damuwarsu ƙarya ce ba. A ƙasar da ruwan famfonta daga teku ake tacewa, tambayar ina za a samo ruwa tambaya ce ta gaske, kuma haka na faɗa a rahotona.

A Fabrairun 2025 aka yi gasar hunturu ta Asiya a Harbin ta ƙasar Sin, Saudiyya ta halarta karo na farko. Na je Makka ranar wata Juma'a na sauka gidan kawuna, wanda ya zo hajji tun yana saurayi bai koma ba. Bayan la'asar na buɗe waya ina kallon wasan kalin, na tura dutse a kan ƙanƙara, don rahoton gobe. Ya jawo tabarau ya leƙo. Mutum ɗaya ya durƙusa ya saki dutse mai mariƙi, nauyinsa kusan kilo 20, biyu suna binsa suna goge gabansa da ƙarfi.

Ya ce, "Kai, ɗan nan, waɗannan shara suke yi?"

Na ce, "Kawu, gugar tana sa ƙanƙarar ta yi santsi, dutsen ya ƙara nisa kuma ya rage lanƙwasa. Wanda dutsensa ya fi kusa da tsakiyar da'irar can shi ya ci."

Ya yi shiru har dutsen ya je ya bugi na abokan hamayya ya fitar da shi waje, shi kuma ya zauna daram.

Ya ce, "To ai dara ce. Darar masu tsintsiya."

Na ajiye wayar na laluba aljihu ina neman biro.