Rufin da yake zufa a Oldham

Ranar da ruwa ya fara ɗigo mana daga silin, kwana huɗu ke nan ba a yi ko yayyafi ba. Gari ya waye tas, motocin layinmu duk sun yi fari fat da ƙanƙara. Watan Disamba ne na 2022, wata uku da saukarmu Ingila. Na dawo daga aikin dare wajen ƙarfe takwas na safe, na tarar da maiɗakina a kicin ta tara roba a ƙarƙashin ƙwan lantarki, ruwa na sauka ɗis, ɗis.

"Abban yara, rufin nan fa yoyo yake yi."

Na ce ta kwantar da hankalinta, wannan aikin gidanmu ne. Ni ɗan magini ne daga Zariya. Tun ina ɗan shekara goma nake bin Baba kan soro idan bazara ta kawo jiki. Mu duba inda azara ta lotsa, mu cike tsaga, mu gyara bakin indararo, a kwaɓa ƙasa da makuba a yi yaɓe kafin ruwan farko. Shimfiɗaɗɗen rufi dai a cikinsa na tashi. Abin da na sani shi ne idan ruwa ya sauko cikin ɗaki, to daga sama ya samu ƙofa.

Gidan da muke haya ɗaya ne daga cikin jerin gidajen jan bulo da aka gina wa ma'aikatan masaƙa, tun zamanin da Oldham, garin da muke zaune, ke tashe wajen kaɗa auduga. Asalin gidan rufinsa mai gangare ne. Daga baya wani ya ƙara gini ta baya, kicin da banɗaki, ya yi masa rufi a shimfiɗe ya lulluɓe da shimfiɗar kwalta. Na aro tsani wurin maƙwabci, na hau cikin sanyin da ke tsinke yatsu. Na bi rufin nan taku-taku, na duba haɗin shimfiɗar, na duba inda ta jingina da bangon gidan, na leƙa magudanar ruwa. Ban ga ko tsagar da allura za ta shiga ba. Abin da ya fi ɗaure mini kai, a watan Nuwamba an sha ruwa kamar da bakin ƙwarya, silin bai ko jiƙe ba.

Na sauko ba ni da ta cewa.

Sai in faɗi yadda muke zaune a lokacin, don gaskiya ɗaya ce. Mun zo a shekarar da kuɗin gas ya yi tashin gwauron zabi bayan Rasha ta afka wa Yukren. Hita sa'a biyu muke kunnawa da yamma, sa'a ɗaya da asuba. Mun yi wa gidan abin da ake yi wa ɗaki idan hunturu ya kankama: kowace kafa mun toshe. Ƙasan ƙofa tsumma, gefen taga salatif. Akwai wata 'yar siririyar kafa a saman kowace taga, ni da hannuna na bi na liƙe su, ina mamakin wane irin kafinta ne zai bar rami a taga a ƙasa mai sanyi haka. Fankar banɗaki da ke tashi idan an kunna wuta na kashe ta daga makunninta, a ganina cin wuta kawai take yi tana fitar mana da ɗumi. Wanki kuwa a kan hita da bayan kujeru muke shanya shi, tunda a waje zane sai ya kwana biyu bai bushe ba. Ga tukunyar wake tana tafasa sa'a guda, ga ruwan tuwo, ga wanka da ruwan zafi na mutum huɗu.

A Zariya duk wannan ba komai ba ne. Iskar hunturu a bushe take ƙayau, ita ce mai fasa leɓe da diddige, ka shanya riga kafin ka gama karyawa ta bushe. Sanyin Ingila jiƙaƙƙe ne.

Na buga wa ejan ɗin gidan waya. Bai zo ba, bai aiko kowa ba. Cewa ya yi yanayin zamanmu ne ya jawo, mu riƙa buɗe taga, baƙin funfunar da ya fara fitowa a kusurwa kuma mu goge da ruwan bilic. Maganar ta ƙona mini rai, musamman da yake makonni kaɗan kafin nan labarin Awaab Ishak ya cika gari. Yaro ne ɗan shekara biyu, iyayensa 'yan Sudan, ya rasu a Disamba 2020 a Rochdale, garin da ke maƙwabtaka da mu. A Nuwamba 2022 mai binciken musabbabin mutuwa ta yanke cewa daɗewar da ya yi yana shaƙar funfuna a gidansu ce ta yi ajalinsa. Mahaifinsa ya yi shekaru yana kai kuka, har an taɓa ce masa ya shafe wurin da fenti. Masu gidan ma sun ɗora laifin a kan yanayin zaman iyalin, har da zaton irin wankansu ne ke jiƙa gidan. Ƙaramin ɗanmu a lokacin yana tari da dare. Maiɗakina ta ajiye wayarta ta ce, "In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, ka san sauran."

Wani dattijo da muke sahu ɗaya a masallaci, asalinsa mutumin Mirpur ne ta yankin Kashmir da ke hannun Pakistan, amma ya fi shekara hamsin a Oldham, shi ya ji ina ba da labari bayan sallar Juma'a. Ya turo mini ɗan ƙanensa mai aikin rufi. Saurayin bai ko kalli tsanina ba. Kujera ya taka a kicin, ya kashe wuta, ya zaro ɗaya daga cikin ƙananan ƙwayayen lantarkin nan da ake huda silin a cusa, ya haska tocila cikin ramin, sannan ya ce in zura hannu.

Abin da na taɓa kamar audugar da aka tsoma a kwata. Audugar gilashi ce da ake cusawa don tare sanyi, ta sha ruwa ta yi nauyi. Na ƙara tura hannu har na taɓo katakon da ke ɗauke da shimfiɗar kwalta. Sanyi kamar ƙarfe, jiƙe sharkaf. Da na leƙa da tocila sai na ga ɗigon ruwa jere a jikinsa kamar cikin murfin tukunya, katakon ya yi baƙi, kawunan ƙusoshi sun yi tsatsa.

Ya ce, "Kawu, ruwan nan naku ne. Daga kicin ɗin nan ya hau."

Ga yadda ya warware mini, ni ma daga baya na bi na karanta na tabbatar. Iska mai ɗumi tana ɗaukar tururi fiye da mai sanyi. A digiri 20, iskar da ta cika wuri mai mita ɗaya tsawo, faɗi da tsayi tana iya riƙe kusan giram 17 na ruwa. A digiri sifili, giram 5 ma da ƙyar. Idan ɗaki yana digiri 20 kuma danshinsa kashi 60 cikin ɗari, duk abin da sanyinsa ya kai digiri 12 ko ƙasa da haka, iskar na taɓa shi za ta sauke masa raɓa. Kwalbar lemo da aka ciro daga firji ke nan, tana zufa alhali ba ta fashe ba. Tururin girkinmu da wankinmu da numfashinmu yana hawa, ya bi ta ramukan ƙwayayen lantarki, ya ratsa audugar, ya iske katakon da ƙanƙara ke kwance a bayansa. Cikin dare ya daskare a jiki. Da safe in rana ta ɗan taɓa baƙar kwalta, sai ya narke ya sauko mana. Shi ya sa ba ya ɗiga ranar ruwan sama, sai ranar da gari ya yi garau.

Na ce to ashe ejan gaskiya ya faɗa. Ya girgiza kai, ya ce rabinta ya faɗa.

Irin wannan rufin, wanda abin tare sanyi ke ƙasa tsakanin katakan silin, su suna kiransa rufi mai sanyi, kuma yana da sharuɗɗa. Dole a shimfiɗa leda mai hana tururi wucewa a saman silin, ba tare da huji ba. Dole a bar fili na aƙalla milimita 50 tsakanin audugar da katakon sama. Dole kuma iskar waje ta shiga ta wannan gefe ta fita ta wancan, ta kwashe duk danshin da ya kuɓuce. A namu babu leda ko ɗaya. Wanda ya yi aikin ya danna auduga har ta tokare katako, wai don ɗaki ya fi ɗumi. Kafofin iskar da ke ƙarƙashin bakin rufin an shafe su da fenti. Ko da ma a buɗe suke, katakan sun miƙe ne daga bangon gidan zuwa waje, wato iska ta shigo ta gefe ɗaya ta ci karo da bulo. Ya ce ko limamin tsabta aka saka a gidan nan, rufin sai ya yi zufa, mu dai mun ƙara masa gudu ne.

Gyaran gaske, in ji shi, shi ne a mai da shi rufi mai ɗumi. A shimfiɗa leda mai hana tururi a kan katakon, a ɗora allunan tare sanyi masu tauri a kanta, sannan a rufe da shimfiɗar hana ruwa. Ta haka katakon yana cikin ɗumin gida, tururi ba ya samun wuri mai sanyi da zai sauka. Ya gargaɗe ni da abu guda: in an yi haka sai a toshe tsofaffin kafofin iska, domin wanda ya haɗa dabarun biyu ya yi asarar kuɗinsa, sanyi zai riƙa yawo a ƙarƙashin abin da aka saka don tare shi.

Daren nan na kira Baba. Na yi zaton zai yi mini dariya, ɗan magini ya hau rufi neman yoyon da babu. Ya yi shiru yana saurare, sannan ya ce, "Ai ka san wannan. Ka manta masu shafa siminti a kan ginin ƙasa?" Nan take na tuna. Katangar ƙasa tana shan danshi tana fitarwa. Ranar da aka lulluɓe ta da siminti don ƙawa, ruwan da ya shiga ya rasa hanyar fita, sai ta riƙa ruɓewa daga ciki, wata rana simintin ya ɓantare a ga ƙasa ta zama kunu. Baba ya sha faɗa da masu gida a kan haka. Ya ce, "Ruwa ba ya tsami banza. Je ka buɗe wa ɗakin mutane hanci."

Na ɓare salatif ɗin da na liƙa da hannuna. Na mayar da fankar banɗaki. Muka sayi ɗan agogon auna danshi na 'yan fam kaɗan, ranar farko ya nuna kashi 78 a kicin. Tukunya ta koma tafasa da murfi, ƙofar kicin a rufe, taga a ɗan buɗe. Wanki ya koma ɗaki ɗaya tare da na'urar tsotse danshi da muka saya ta hannu. Ranar farko da na juye tankinta na tsaya ina kallon ruwan, kusan lita biyu, duk daga iskar da muke shaƙa. Buɗe taga minti goma da asuba a watan Janairu shi ne ya fi yi wa maiɗakina wuya. Ta ce a garinsu wanda ya yi haka cikin hunturu sai a kai shi wurin malam.

Sai kuma rabon mai gida. A nan na koyi cewa a ƙasar nan maganar baki iska ce. Na ɗauki hotunan cikin rufin, saurayin nan ya rubuta mini abin da ya gani a layi biyar, na haɗa da takardar likita kan tarin yaro, na aika ta imel. Na ambaci dokar 2018 da ta wajabta cewa gidan haya a Ingila ya zama wanda ya dace ɗan Adam ya zauna a ciki, na kuma ce in ban ji komai ba cikin mako biyu zan kai maganar sashen lafiyar muhalli na ƙaramar hukuma. Gabana yana faɗuwa lokacin da na tura, don baƙon da bizarsa ke da wa'adi ba ya son sunansa ya shiga kowace takarda. Kwana uku aka turo ma'aikata.

Ba su yi rufi mai ɗumi ba, mai gida ya ce ya yi tsada. Sun sauke silin, sun kwashe jiƙaƙƙiyar audugar a baƙaƙen ledoji, sun canja katako biyu da suka fara ruɓewa. Suka saka sabon abin tare sanyi da fili a samansa, suka shimfiɗa leda, suka cire ƙwayayen nan masu huda silin suka maye da fitila guda. A saman rufin, kusa da bango, suka dasa wasu gajerun bututai masu hula kamar malafa don iska ta samu mafita. A ra'ayina faci ne, kuma duk bututun da aka huda wa rufi wata ƙofar yoyo ce nan gaba. Amma hunturu biyu ke nan ba mu tara roba ba, tarin yaro ma ya tafi tun kafin azumin shekarar.

A Satumba 2023 gwamnati ta fitar da jagora ga masu gidajen haya, a ciki ta ce kada a ɗora danshi da funfuna a kan yanayin zaman ɗan haya, nemo tushen matsalar aikin mai gida ne. Na buga shafin na ajiye a cikin jakar takardunmu, tare da fasfo.

Makon jiya wani ɗan garinmu da bai daɗe da zuwa ba ya kawo mana ziyara da iyalinsa. Muna cikin hira ya tashi a hankali, ya miƙa hannu saman taga ya ja 'yar kafar nan ya rufe, yana cewa kafintan bai gama aikinsa ba. Maiɗakina ta kalle ni, ta tashi ta ɗauko masa agogon danshi daga kicin.